Na'urar juya kaset zuwa MP3 ta cinye min kaset ɗin da ba ni da madadinsa

Duk mai niyyar sayen ƙaramar na'urar nan mai juya kaset zuwa MP3, wadda ta yi kama da Walkman kuma ake soka mata filash a gefe, ya dakata ya karanta wannan kafin ya damƙa mata kaset ɗin da yake ji da shi. Ni na saya, na yi murna da farko har na fara tallata ta ga abokai, yanzu kuwa duk sanda na gan ta a kan tebur sai raina ya ɓaci.

Abin da ya sa na saye ta shi ne kwalin kaset-kaset da nake ta yawo da shi daga gida zuwa gida tun ina saurayi. Babu ɗaya a ciki da ban san shagon da ya fito ba. Akwai na babban shago, inda ake jera na kamfani cikin ledarsu a bayan gilashi, ba ka taɓawa sai ka biya, a can sama kuma an jingina manyan faya-fayan garmaho masu hotunan mawaƙa a bango. Can muke zuwa mu ba ido abinci mu dawo. Amma yawancin na cikin kwalin daga wani ɗan ƙaramin shago suka fito, wanda mutum uku ba sa iya tsayawa a ciki lokaci guda, da lasifika ɗaya a bakin ƙofa da ake jiyowa tun daga nesa. Mai shagon dattijo ne marar yawan magana, kowa Baba yake ce masa. Shagon ya daɗe da rufewa, shi ma Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Kaset-kaset ɗin nan su kaɗai suka rage min, ga shi rikodar da nake sauraronsu da ita ta mutu tun da jimawa.

Ranar da na'urar ta iso ban yi wahalar haɗa ta ba. Batir biyu, filash, sai maɓallin ɗauka, ko kwamfuta ba a buƙata. Na fara da wani TDK C60, mai minti 30 a kowane gefe. Ina danna maɓalli na ji wannan 'yar shuwar da ke zuwa kafin waƙa ta fara, sai ganga ta shigo, sai murya, wallahi tsigar jikina ta tashi. Na yi shekaru ban ji wannan waƙa ba, amma bakina ya riƙa bin ta baiti bayan baiti. Da a daren nan na rubuta wannan sharhi, da taurari biyar zan ba ta ba tare da dogon tunani ba.

Sai na ɗauko wanda dominsa na sayi na'urar tun farko. Maxell C90 ne, fanko na kai shi shagon Baba da 'yar takardar waƙoƙin da nake so. Ya duba takardar ya ce, "Yaro, waɗannan ba za su cika gefe ɗaya ba ma. Bar min ɗaya gefen, ka dawo jibi." Da na koma ya cika shi da abubuwan da ban taɓa ji ba. Wasu ya kwafo daga ƙananan faya-fayan nan masu gudu 45 da yake ɓoyewa a ƙarƙashin teburinsa ba ya sayarwa, wasu kuma na mawaƙan da aka ɗauka a wurin wasa, waɗanda ba su taɓa shiga kamfani ba. Ya rubuta sunayen da jan biro a jikin takardar kwalin, ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Na bincika YouTube da duk inda ake sauraron waƙa, fiye da rabin abin da ke gefen B babu shi ko'ina.

Kafin in sa shi na yi duk abin da Baba ya koya mana game da kaset ɗin da ya daɗe a ajiye. Na juya shi da biro daga farko har ƙarshe na dawo da shi don zaren ya saki jiki, na duba ɗan soson da ke danna zare a kan hed, wato ƙarfen da ke karanta sautin, yana nan bai faɗi ba. Gefen A ya wuce lafiya. A gefen B, waƙa ta uku, sai muryar mawaƙin ta fara ja kamar batir zai ƙare, ta yi rawa, ta nutse. Sauti ya ɗauke amma injin bai tsaya ba, yana ta juyawa. Kafin hannuna ya kai kan maɓalli ya riga ya yi ɓarna. Na buɗe murfi na tarar zaren ya nannaɗe a jikin siririn ƙarfen da ke jan sa, ya cusu a bayan 'yar tayar roba, ya yamutse ya yi ƙananan ninki jere da juna. Na sa tsinke ina zaro shi a hankali, hannuna na rawa, amma a wuri ɗaya ya riga ya miƙe ya zama siriri kamar zaren ɗinki, nan ya tsinke. Na zauna da kaset a hannu na kasa cewa komai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san abin da ya jawo haka, domin a shagon Baba na ga yadda ake kauce masa. Zaren kaset yana bi ne tsakanin wancan ƙarfe da tayar roba, su suke jan sa, sai ƙafar da ke naɗewa ta karɓe shi. Idan ƙafar nan ba ta da ƙarfi, ko ta tsaya ko da na daƙiƙa biyu ne, ƙarfen ba ya daina turo zare, sai ya taru ba inda za shi, ya naɗe. Rikoda ta ƙwarai tana ganewa ta kashe kanta nan take. Wannan ba ta da wannan dabara ko kaɗan. Baba kuwa kowace safiya kafin ya kunna komai sai ya ɗiga sifirit a auduga ya goge hed da ƙarfen da tayar, ka ga audugar ta fito da jan datti. Bai taɓa yarda ya karɓi C120 ba, ya ce zarensa ya cika siranta, rikoda cinye shi take yi. Kuma duk da rikodarsa mai ɗaki biyu tana iya kwafa da saurin ninki biyu, ga wanda ya san yana son waƙa da gaske a gudun da aka saba yake yi masa, ko da zai ci minti 90 cur, saboda kwafin sauri yana rage tsabtar sauti.

Na rubuta wa wanda ya sayar min, har da hoton ɓarnar. Amsar da na samu layi biyu ce: kaset ɗina ne ya tsufa, na'urarsu lafiyarta ƙalau. To in ba don tsofaffin kaset ba, don wane kaset aka ƙera ta? Wa yake sayen irin wannan na'ura don ya juya sabon kaset? A shagon Baba idan ka dawo da kaset ka ce ya tsinke, ba ya tambayar laifin wa. Sukudireba zai ɗauko ya kwance 'yan kusoshin nan biyar, ya datse inda ya lalace da reza, ya haɗa bakin biyu da ɗan mitsitsin salatif ta bayan zaren, ya sa a rikoda ku saurara tare, sannan ya miƙo maka. Sau da yawa ko karɓar komai ba ya yi.

Haka na yi ni ma, da abin da idona ya riƙe daga tsayuwa a bakin teburinsa. Na yanke wurin da ya miƙe, na lallaɓa na shafe ninkin da ɗan yatsa, na haɗa. Na yi asarar kusan rabin waƙa ɗaya, inda ya yamutse kuma har abada sautin zai riƙa ɓacewa yana dawowa. Amma sauran gefen ya tsira. Bayan na huce na ci gaba da juya wasu kaset ɗin da na san ko sun lalace zan same su a wani wuri, kuma gaskiya ta juya da dama ba ta sake cin ko ɗaya ba. Yanzu suna cikin wayata, ina sauraronsu a hanya, yarana ma sun fara riƙe wasu amshin. Har na fara cewa a raina taurari uku sun dace da ita, tunda dai araha ba ta ado.

Sai da na zauna na saurari abin da ta ɗauka da abin sa wa a kunne mai kyau, haushin ya dawo sabo. Gudunta ba daidai yake ba. Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963 gudun zare ɗaya ne, santimita 4.76 a daƙiƙa, kusan kowace rikoda a duniya a kansa take tafiya. Wannan tana ɗan wuce shi, muryoyin maza sun yi sama, waƙar da na sani da natsuwa ta koma ta gaggawa. Inda mawaƙi ya ja murya ya riƙe, sai ka ji tana karkarwa. Idan ka ba ta wuta ta wayar USB maimakon batir, wani gurnani yake shiga ƙarƙashin waƙar daga farko har ƙarshe. Kaset ɗin kamfani da aka ɗauka da Dolby, wato tsarin rage shuwa, kuwa, ba ta da maɓallinsa, sai su fito da kaifi da shuwa mai yawa. Ga abin raba waƙoƙi da aka ce tana yi da kanta: duk inda makaɗa suka ɗan sassauta sai ta ɗauka waƙa ta ƙare, ta datse ta gida biyu. Tsofaffin Walkman, da Sony ya fara fitarwa tun 1979, har yau akwai waɗanda in an sauya musu robar da ke juya injin suke riƙe gudu fiye da wannan sabuwa fil.

Wani zai ce ai waƙar ce dai, ko da ɗan bambanci. Ni a wurina ba haka ba ne, domin kunnena a shagon nan ya koyi saurare. Ba ka sayen kaset a wurin Baba sai an sa maka ka ji, gefe da gefe, in ka ga dama ka ce a wuce gaba. Idan ka zo ba ka san sunan waƙa ba, rera masa kaɗan kawai za ka yi, ya miƙa hannu baya ko waiwayawa bai yi ba ya zaro ta. Da yamma samari sukan cika bakin ƙofar ana musu a kan wa ya fi wa murya, shi yana zaune yana naɗe zare da biro, sai in musun ya yi tsawo ya sa kaset biyun ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To ku ji da kunnenku." Da CD ya yawaita ya jera su a gefe ɗaya amma bai taɓa sakin kaset ba. Zuwan waya mai ɗaukar ɗaruruwan waƙoƙi a memori shi ya kwashe masu zuwa, har lasifikar bakin ƙofa ta yi shiru. Mutumin da ya kula da sauti haka, bai dace aikin hannunsa ya ƙare a cikin injin da ko gudu bai iya riƙewa ba.

Taurari biyu na ba ta, kuma na biyun don kaset ɗin da ta juya lafiya ne kawai. Wanda ke da karatu ko jawabi da yake son ya ji maganar kurum, kuma akwai kwafinsa a wani wuri, za ta yi masa aiki, amma ya zauna kusa da ita da yatsa a kan maɓallin tsayarwa, ya yi amfani da sababbin batir. Wanda ke da irin nawa, ya nemi tsohuwar babbar rikoda mai kashe kanta, ya kai wa mai gyara ya sauya roba ya goge hed, ya haɗa ta da kwamfuta ya ɗauka da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ya ajiye a WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, kafin ya matse zuwa MP3. Ni ma abin da nake nema ke nan yanzu, kuma Maxell ɗin ba zai sake shiga wani inji ba sai na same ta.