But ɗin gwanjo ko sabon kambas: wanne za ka hau Chappal Waddi da shi?

Ɗan'uwa, tunda Chappal Waddi kuka nufa a watan Disamba, kuma kuɗin takalmi ɗaya ne a hannunka, ka sayi but ɗin gwanjon. Kambas ɗin ka bar shi sai yawon salla.

Dutsen nan tsayinsa mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi a Najeriya. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Sai ka haura Mambilla tukuna, daga inda babur ya sauke ka kuma ƙafa ce za ta yi aiki, cikin ciyawa da tsakuwa da 'yan rafuffuka, ga jaka a baya. Hawa yakan cinye numfashi, amma a gangarowa ake gane takalmi, domin duk nauyinka kan yatsu da idon sawu yake komawa.

Nawa na fata ne, mai wuya har saman idon sawu, a dilar gwanjo na tsince shi shekarun baya. A ƙasansa akwai ɗan tambari ruwan ɗorawa mai kusurwa takwas, an rubuta Vibram. Kamfanin Italiya ne mai yin robar ƙasan takalmi, da wani mahayin dutse, Vitale Bramani, ya kafa a 1937, bayan abokan tafiyarsa sun mutu a tsaunukan Alps a 1935, aka ɗora laifin har da takalman da suka sa. Robar tana da haƙora masu zurfi da ke kama dutse. Da shi na hau tsaunukan Shere na Jos da damina. Akwai wani fa da ruwa ya jiƙe ya yi gansakuka, abokan tafiyata sai da suka zauna suna ja da gindi, ni kuwa na taka na sauka a tsaye. A wani wurin ƙafata ta faɗa tsakanin duwatsu biyu, na ji ta gurɗe, amma wuyan takalmin ya riƙe ta, ko targaɗe ban yi ba. Har yau yana nan. Ina goge masa ƙura, in shafa masa mai, in shanya shi a inuwa. Kar ka kuskura ka gasa shi a bakin wuta, fatar tsagewa take yi.

Kambas na taɓa saye, mai sunan babban kamfani a jiki. Ba shi da nauyi, yana saurin bushewa, iyakar abin da zan yabe shi da shi ke nan. Ƙasansa sumul, tafiya ɗaya ya buɗe baki.

Wani zai ce ai Fulanin Mambilla da takalmin roba suke keta tsaunukan nan. Gaskiya ne. Amma su tun suna yara suke bin shanu a hayi da gangare, kai kuwa daga ofis za ka fito.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. But ɗin da ya daɗe a ajiye yana da wata cuta: soson da ke tsakanin fata da robar ƙasa yakan sha danshi ya ruɓe daga ciki, ko da ba a taɓa sa takalmin ba. A ido ka gan shi garau, sai kun yi nisa a daji ƙasan ya ɓalle gaba ɗaya. Wasu 'yan kasuwa sun san da haka, sai su liƙe da gam, su goge da baƙin mai, su ce maka sabon buɗi ne. Ka lanƙwasa takalmin da ƙarfi a gaban mai kaya, ka danna soson da farce. In ya yi gari ko ya tsage, ko ka ga busasshen gam a gefe, ajiye masa abinsa komai rantsuwar da zai yi. Haka tambarin Gore-Tex, wato shafin cikin takalmi mai hana ruwa shiga, ana maƙala shi a jikin jabu. Ka leƙa ciki ka duba ɗinki da shafin. In za ka iya, tafi da shumeka ya duba maka, ka ba shi na goro.

Ka je gwaji da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka hau dutsen da ita. Ta ulu mai kauri, domin ta auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo, ga sanyin hunturu a can sama ba irin na Kano ba ne. Ka tabbata akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, in ba haka ba farcenka zai yi baƙi a gangarowa. Dunduniya kuma kar ta riƙa ɗagawa in ka ɗaure igiya.

Ka saya tun yanzu, ka riƙa sa shi zuwa kasuwa da wurin aiki na 'yan makonni har ya saba da ƙafarka. Canjin da ya rage ka ƙara safa biyu da filasta.