Na koma wa tsofaffin wasannin intanet, biyu sun riƙe ni har yau

Wata takwas ke nan da na jingine sababbin gem na koma wa na da, irin waɗanda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya ta intanet, kowa da jaruminsa, ana yaƙi, ana fatauci, ana hira. Kaɗaici ne ya kore ni daga sababbin. Na'ura za ta haɗa ka da mutum huɗu, ku shiga kogon dodanni, ku gama cikin kwata ɗin awa ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan, kowa ya kama gabansa. Na gaji da haka. Sai na ce bari in ga ko yabon da ake yi wa na da yana da tushe, ko begen ƙuruciya ne kurum. Biyar na gwada.

Wanda ya fi shiga raina shi ne EverQuest, wanda ya fito a watan Maris na 1999. Har yanzu kamfanin Daybreak na tafiyar da shi, amma ni a Project 1999 na zauna, wata saba, wato dandalin buga wasan ta intanet, da masoya wasan suka kafa a 2009 don su dawo da shi yadda yake a farko, tare da ƙarin nahiyoyin wasan biyu, Kunark da Velious, kaɗai. A 2015 kamfanin ya amince musu su ci gaba. Babbar dokarsu ita ce mutum ɗaya, jarumi ɗaya a lokaci guda, don haka ba ka da damar buɗe jarumi na biyu ya riƙa yi maka magani. Dole ka nemi mutane.

Daren da na gane wannan wasa, a Blackburrow ne, wani kogo na dodanni masu kan kare da ke kusa da birnin Qeynos. Ina can ƙasa ina fama da guda ɗaya, sai na ga rubutu ya cika allo, ana ta ihun "train". Haka suke cewa idan wani ya gudo da ayarin dodanni a bayansa kamar taragun jirgin ƙasa. Kafin in juya sun rufe ni. Na farfaɗo a ƙofar gari tsirara, ba takobi, ba sulke, ba ko fitila, ga dare ya yi, kuma a wasan nan idan jaruminka ɗan Adam ne, duhu duhu ne na gaske. An kuma zaftare mini makin ƙwarewa da na kwana biyu ina tarawa. Duk abin da na mallaka yana jikin gawata a ƙasan kogo, kuma gawa ba ta dawwama, in ta daɗe ruɓewa take da kayan duka.

Na rubuta neman taimako ba tare da na sa rai ba. Sai ga wani ɗan wasa, wanda jaruminsa boka ne daga cikin ƙattin arewa na wasan, ya amsa. Ya yi mini tsafin nan da ake kira Spirit of Wolf, mai ƙara saurin gudu, ya ce in rubuta /consent da sunansa, wato in ba shi izinin taɓa gawata. Ya shiga, ina tsaye a bakin kogo ina jira zuciyata na bugawa, can sai ga shi yana jawo ta taki-taki har gabana. Na miƙa masa 'yan kuɗin da na tarar a aljihu, ya ƙi karɓa. Ya ɓata kusan rabin awa a kan wanda bai sani ba. Tun daga ranar nake cikin ƙungiyarsu.

A nan na fahimci cewa wahalar wasan ita ce ke ɗaure mutane. Mayaƙi ba ya rayuwa ba mai magani, masu tsafi kuma sai sun zauna sun huta kafin ƙarfinsu ya dawo, kuma a cikin wannan zaman jiran ne hira ke ɓarkewa. Babu kasuwar na'ura, sai dai ka je ramin East Commonlands inda 'yan tireda ke tsaye suna shelar hajarsu, a yi ciniki baki da baki. Wanda ya yi cuta sunansa zai zaga, ya rasa mai ɗaukarsa tawaga. Amma fa in faɗi gaskiya, wasan yana cin lokaci ba kaɗan ba. Babu taswira a ciki, zanensa ya tsufa ƙwarai, kuma idan abin da kake da shi minti talatin ne, da kyar za ka samu tawaga kafin lokacin ya ƙare. Ranar da ba ni da awa biyu a hannu ba na ma buɗe shi.

Sauran ranakun na Old School RuneScape ne. Asalin RuneScape ya fito a 2001 daga kamfanin Jagex na Cambridge a Ingila, 'yan'uwa Andrew da Paul Gower suka fara shi. A 2013 aka dawo da tsohon samfurinsa na watan Agustan 2007 bayan 'yan wasa kusan dubu 450 sun kaɗa ƙuri'a. Al'adar ƙuri'ar nan ba ta mutu ba: sabon abu mai muhimmanci ba ya shiga wasan sai ya samu amincewar kashi 70 cikin ɗari, da can ma 75 ne. Ina ganin wannan ne ya sa ya ƙaru sosai amma bai canza kama ba. Tun 2018 yana kan waya, kuma jarumin da ka bari a kwamfuta shi za ka tarar a wayar.

Abin da ya fara burge ni ƙaramin abu ne. Mai dafa abinci a fadar Lumbridge ya roƙe ni ƙwai da madara da garin alkama. Garin nan ba tsintarsa na yi ba. Na tsinko alkama a gona, na hau saman injin niƙa na zuba, na ja mariƙi, na sauko ƙasa na tara a tukunya. Komai na wasan haka yake, hannunka ne ke yi. Ayyukan da ake ba ka labarai ne masu wasa da ƙwaƙwalwa, ba "je ka kashe kerkeci goma" ba. Lokacin da na kai aikin da ake kira Dragon Slayer, sai da na haɗa taswira gida uku, na sayi jirgin ruwa na gyara shi, na karɓo garkuwar da ke tare wutar dodo, sannan na fuskanci dodanniyar, Elvarg. Da ta faɗi, sai da na miƙe tsaye.

Inda zai gwada haƙurinka shi ne tara maki. Kowace sana'a, sarar itace ko kamun kifi ko ƙira, tana ƙarewa a mataki na 99, wanda ke buƙatar maki 13,034,431. Idan ka kai 92, rabin hanya kawai ka ci. Wasu na ganin wannan azaba ce. Ni kuwa ya dace da ni, domin ina iya kamun kifi ina sauraron wani abu, in ajiye, in dawo bayan mako ba abin da ya wuce ni. Akwai ɓangaren kyauta mai faɗi, kuma ana iya biyan kuɗin zama mamba da zinaren cikin wasa. Sai dai ka kiyayi yankin Wilderness, inda ɗan wasa ke iya kashe ɗan wasa ya kwashe kaya. Kada ka shiga da abin da za ka yi kukan rashinsa.

Ultima Online na 1997 na girmama shi fiye da yadda na so shi. Babu matakai, sai maki 700 da za ka raba wa sana'o'in da ka ga dama, ka gina gida, ka zama maƙeri ko ɓarawo. A nan ne wani ɗan wasa ya kashe Lord British, jarumin Richard Garriott mai wasan da kansa, ana tsakiyar gwaji kafin fitowa. Wannan 'yancin na nan, musamman a Felucca, ɓangaren wasan da 'yan wasa ke iya far wa juna, amma hannuna bai saba da yadda ake sarrafa shi ba, na bar shi bayan wata guda. Final Fantasy XI na 2002 yana da labari mai daɗi, kuma jarumi ɗaya na iya sauya sana'a yadda ya so. Yanzu akwai mataimakan na'ura da ake kira Trust, sun sauƙaƙa tafiya, amma sun mayar da ni ga kaɗaicin da na gudo.

World of Warcraft Classic, wanda ya dawo da wasan 2004 a watan Agustan 2019, shi zan miƙa wa duk wanda bai taɓa irin waɗannan ba. Ya fi su duka laushi a hannu, amma har yanzu da ƙafa za ka yi ta tafiya sai mataki na 40 kafin ka hau doki, kuma da bakinka za ka tara mutum biyar ku shiga kogon Deadmines. Ana biyan kuɗin wata-wata. Mai waya kaɗai ko mai ƙarancin lokaci ya nufi Old School RuneScape. Mai dogon dare da haƙuri ya zo EverQuest, ya zaɓi mai magani ko boka, domin su ba sa rasa tawaga.

Ni ma yanzu boka nake renowa a can. Ya kai mataki na 9 a makon jiya, ya koyi Spirit of Wolf, kuma daren Asabar na wuce ta Blackburrow na tarar da wani tsaye a bakin kogo ba ko riga a jikinsa. Na ce masa ya rubuta /consent da sunana.