Shekara biyu da Selkirk Rex a gidana, ga abin da na gani

Duk baƙon da ya shigo gidanmu ya tarar da Dambu kwance a kan kujera, tambayarsa ta farko ita ce wai wannan mage ce ko ɗan tunkiya, ta biyu kuma a ina kika samo shi nima ina so. To shi yasa nace bari in zauna in faɗi komai tiryan-tiryan, dan wallahi da na samu wanda ya min wannan bayanin tun farko da ban sha wahalar da na sha ba.

Dambu muzuru ne, jinsin da ake kira Selkirk Rex, mai dogon gashi, kalarsa kamar shayin da aka cika wa madara. Yara ne suka sa masa sunan saboda gashinsa a murɗe yake curi-curi kamar dambun nama, har gashin bakinsa a lanƙwashe yake. A Ingila muke zaune, nan na saye shi yana da sati 13. Ranar da na faɗa wa Umma a waya shiru tayi, can tace "yanzu ke mage ce za ki sa kuɗi ki saya, ga su nan suna yawo a tsakar gida kyauta?" Sai da na tambayi malami ma kafin in biya, yace akwai saɓani amma mafi yawan malamai sun halatta, sannan hankalina ya kwanta.

Bari in fara da maganar da tafi ƙona min rai. Mai sayar da magunan da na fara zuwa wajenta, ba wadda na saya a hannunta ba, ta kalli idona tace min wai irin wannan magen ba ta zubar da gashi kuma mai asma ma zai iya kwana da ita. Ƙarya ce tsagwaronta. Ina jin mutane suna rikita ta ne da Cornish Rex, wadda ita gashinta ɗan siriri ne a manne da fata, na ƙasan kawai gare ta. Selkirk kam cikakken gashi gare ta mai kauri, kuma tana zubar da shi sosai, musamman in sanyi ya wuce. Baƙar abayata ba na isa in ajiye ta a kan gado, darduma kuwa ina sallame sallah nake naɗe ta in ɗaga, in ba haka ba in dawo in tarar ya miƙe a kai abinsa. Sannan abin da ke sa mutum atishawa da ƙaiƙayin ido ba gashin ba ne ma, wani sinadari ne da ke cikin yawun mage da fatarta, tana lasar jikinta ya bushe ya bi iska. Ƙanwar maigida in ta zo ko minti ashirin ba ta yi idonta ya kaɗa yayi jajir. Dan Allah in akwai mai asma a gidanku ku je ku zauna da magen awa ɗaya ko biyu kafin ku ba da ko sisi.

Ita waccan mai sayarwar ta farko da na tambaye ta takardar gwajin ƙoda na iyayen sai ta fara kame-kame, wai tana wajen 'yar uwarta, wai za ta turo min. Na ɗau jakata na fito. Dalili kuwa, asalin jinsin nan gaba ɗaya daga mage guda ɗaya ne da aka haifa a jihar Montana ta Amurka a 1987, wata mai kiwon maguna Jeri Newman ta karɓe ta ta sa mata suna Miss DePesto, ta haɗa ta da baƙin muzuru ɗan jinsin Fasha, aka haifi 'ya'ya shida, uku masu murɗaɗɗen gashi uku masu miƙaƙƙe. Daga nan aka gane in ɗaya daga cikin iyaye yana da murɗin to ya isa ya fito a 'ya'ya. Aka ci gaba da haɗa su da Fasha da British Shorthair dan a faɗaɗa jinin, shi yasa suke da zagayayyar fuska da ƙashi mai nauyi, amma kuma ta nan ɗin suka gaji ciwon da ake kira PKD, wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa da ke fitowa a ƙoda suna girma a hankali har ƙodar ta gaza. Ba shi da magani, amma gwajinsa mai sauƙi ne, ɗan yawu ake gogowa a kumatu a kai a duba. To wanda ya ƙi yin wannan ga iyayen kuma yake karɓar kuɗin mutane, ni dai ban ga amana a tare da shi ba. Akwai kuma ciwon kaurin tsokar zuciya da suke iya gada, shi ma ku tambaya ko an taɓa duba iyayen.

Wadda na saya a wajenta kafin in buɗe baki ta ɗora min fayil a cinya, rajistar GCCF, wato hukumar da ke rajistar maguna masu asali a Birtaniya, katin rigakafi guda biyu, sakamakon gwajin uwa da uba, da lambar ɗan cip ɗin da aka sa masa a ƙarƙashin fatar wuya. Yanzu ma cip ɗin ya zama dole a Ingila tun 10 ga Yuni 2024, kafin mage ta kai sati 20, in ba a sa ba tara tana iya kaiwa fam 500. Ta kai ni har ɗakin na ga uwar tana shayarwa, a cikinsu akwai guda biyu masu miƙaƙƙen gashi ciki ɗaya da shi, kuma sun fi araha.

Abin da ya tada min hankali a shekarar farko, yana kai wajen wata shida sai murɗin ya fara warwarewa, gashin yayi sharaf ya ragu, ya koma kamar wata magen daban. Na kira matar raina a ɓace, tace in yi haƙuri haka suke, zai dawo. Ya kuwa dawo a hankali, amma sai da ya doshi shekara biyu kafin ya cika yayi yadda yake yanzu. Gashin bakin kuma karyewa yake da kansa, lokaci-lokaci zan tsinci guntu a ƙasa a lanƙwashe kamar ƙugiya, ba ciwo ba ne.

Taje gashin nan shi ne ainihin aikin, kuma nan na fi yin kuskure. Da farko kullum sai na bi shi da buroshi ina ganin gata nake masa, ashe warware murɗin nake, ya tashi buzu-buzu. Da na gane sai na daina gaba ɗaya, nan ma ba a yi wata ba hammatarsa da bayan kunne suka cukurkuɗe suka dunƙule tamau har yana jin zafi in ya miƙa ƙafa. Na ɗauko almakashi, Allah ya taimake ni na fasa, dan fatar wajen siririya ce tana shigewa cikin ƙullin ba ka sani ba, a asibitin dabbobi aka aske masa da inji. Yanzu abin da nake yi, kum mai manyan haƙora sau biyu a sati, in ɗora shi a cinya bayan isha'i, in fara daga wuya in gangara ciki da hammata da cinyoyin baya, in na ci karo da ƙulli ba na ja, da yatsu nake warware shi silli-silli. In na gama in jiƙa hannuna da ruwa in bi jikin ina damƙa ina saki, ina damƙa ina saki, kana kallo gashin zai koma ya nannaɗe. Shi kuwa ya lumshe ido yana ta gurnanin jin daɗi har ka ji shi a ƙafarka.

Wanka ba kullum ba, sai in na ji jikin yayi maiƙo, musamman gindin wutsiya. Ruwan ɗumi, shamfu na maguna mara nauyi, a ɗauraye sosai, a danna da tawul kar a goga, kuma ba a sa draya, a bar shi ya bushe a ɗaki mai ɗumi. Kunne ma yana tara datti fiye da na magunan da na sani a gida, duk sati nake gogewa da auduga iya inda ido ke gani, ba na zura tsinke ciki.

To me yasa duk da haka nake cewa ban yi nadama ba. Halinsa. Wallahi ban taɓa ganin mage mai sanyin hali irin wannan ba. Autata tana da shekara uku lokacin da ya zo, ta ɗauke shi ta kife, ta sa masa ɗankwali, bai taɓa fito mata da farce ba, in ya gaji sai ya zame ya tafi. Ba ya yawan kuka, ba ya hawa labule, amma kuma ba ya son kaɗaici ko kaɗan, ina kicin yana bakin ƙofa, ina banɗaki yana jira. Lokacin sanyi nan ƙarfe huɗu gari ya fara duhu, yara suna makaranta maigida yana aiki, ba dangi ba maƙwabcin da za ka leƙa ku gaisa, wanda bai yi zaman ƙasar nan ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Shi ne ke zuwa ya kwanta a ƙafata. In gidanku kowa fita yake tun safe sai dare, gaskiya kar ku ɗauko shi, zalunci ne, ko kuma ku ɗauko biyu.

Kuɗi kam yana ci, kuma na sayen shi ne ƙarami. Abinci, yashin da yake bayan gida a ciki, maganin ƙuma da na tsutsar ciki, rigakafin shekara, inshora duk wata, ga dandaƙa da aka masa tun yana ƙarami dan kar ya dinga fitsari a bango. Ga shi da son ci ga rashin son motsi, ya kai kilo 6 likita tace in fara auna masa abinci, gashin yana ɓoye ƙibar sai ka taɓa haƙarƙari za ka gane. Abu biyu da ta ja min kunne a kansu, kar in kuskura in ba shi farasitamol ko ɓari, yana kashe mage, kuma kar furen lili ya shigo gidan, ko ƙurarsa ya lasa ƙoda tana iya tsayawa.

'Yan uwa na Kano da ke cewa in samo musu, ni dai ba zan ba da shawara ba sai in akwai ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, ku tuna zafin Afrilu ku ɗora shi a kan dabba mai wannan bargon a jiki. A nan ma ranakun da aka yi zafi sosai a kan tayil ɗin banɗaki yake wuni a baje.

Sai matsalar tafiya. Bara da muka je gida hutu na wata guda na kai shi gidan ajiyar maguna, na musu bayanin taje gashin har na bar musu kum ɗinsa, na dawo na tarar cikinsa duk ya dunƙule kuma ya rame, kwana uku yana bina ɗaki-ɗaki yana wani siririn kuka da ban taɓa ji ba. Bana na riga na yi magana da wata ƙawata za ta dawo gidan ta zauna da shi, tun yanzu take zuwa duk Asabar ina koya mata yadda ake riƙe kum ɗin.