Gargaɗi ga masu ƙara ɗaki a gida: kada a rufe fandisho ba ku gani ba

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wasu 'yan kwangila da ke zagaye unguwanni a Kano, duk inda suka ga an sauke yashi sai su tsaya. Maganarsu ɗaya ce: "Alhaji, ba mu a jimlace, kaya da aiki duk namu ne, kai dai ka zo ka tarar da fandisho." Kuɗin da suke yankawa bai kai na kowa ba. Ni na ba su, kuma ga abin da ya biyo baya.

Ɗaki ɗaya da banɗaki na so in ƙara wa mahaifiyata. Na ba da kafin alƙalami, suka haƙa, suka zuba kankare ranar da na tafi ɗaurin aure Zariya. Ina dawowa na tarar har an mayar da ƙasa an fara jera bulo. Damina ɗaya, bango ya tsage daga ƙasan taga har kusurwa, ƙofa ta daina rufuwa.

Da wani tsohon birkila ya tone gefe guda, ramin bai kai gwiwa ba. Wurin kuwa tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, kamar filaye da yawa a cikin birni. Irinsa sai an haƙa har a taɓo ƙasa mai tauri ta asali. Kankaren da ya ɓantaro yana marmashewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli.

Nan ne ya koya mini lissafin da nake so kowa ya riƙe. Buhun siminti kilo 50 ne, kusan kwanon sarki biyu. Kwaɓin 1:2:4 na nufin buhu ɗaya, kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa. Su kuwa sai su ninka yashin. Ragowar buhu biyu da suka bari muka ɗora a sikeli, ko ɗaya bai kai kilo 45 ba, bakin kuma ɗinkin hannu ne. Buhun na kamfani ne, amma an farke an rage an sake ɗinkewa, har da dunƙulen da ya sha danshi a ciki.

Rodin ya fi ba ni takaici. Mai kaurin milimita 12 na biya, mai 10 suka sa a ginshiƙai. Ido ba ya saurin bambancewa, sikeli yana yi: rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, nauyinsa kusan kilo 10 da rabi ne, mai 10 kuwa kilo 7 da ɗoriya. Ruwa ma ba su ba kankaren ba, alhali yana bukatar jiƙo na aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma a kwana 28 ake auna shi.

Ku sayo siminti da rodi da kanku wajen dila sananne, ku karɓi rasit. Ku sa mai ilmin gini ya duba zurfin rami da ɗaurin rodi kafin a zuba komai, ranar zubi kuma ku tsaya kuna ƙirga buhunan da aka fasa. Duk wanda ya ce zai yi zubi da daddare ko bayan idonku, ku sallame shi.

Lambar wayar ɗan kwangilar ta daina shiga. Hajiya tana ɗakin matata har yanzu, sabon ɗakin kuma mako mai zuwa za a rushe shi.