Nas ko Malanta? Abin Dubawa Kafin a Sayi Fom

Da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai gidaje su ɗau shawara iri ɗaya: yarinyar nan nas za ta yi ko NCE, wato karatun malanta a kwalejin ilimi? An sha kawo mini wannan tambaya, galibi bayan an riga an haɗa kuɗin zuwa shagon kwamfuta a cike fom. Abin da nake fara cewa shi ne a miƙo mini takardar sakamakon, domin ita ke yanke rabin hukunci.

Karatun jinya ba ya karɓar uzuri a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, kowanne da kiredit, a zama ɗaya ko biyu. Wadda ta faɗi Fiziks gara ta koma ta sake zama, kada wani ya ruɗe ta da cewa za a gyara daga baya. Kwalejin ilimi ma tana da nata sharuɗɗan kiredit, sai dai ƙofarta ta fi faɗi. Wanda ya yi ɓangaren adabi zai iya karanta Hausa, Larabci, darasin addinin Musulunci ko ilimin firamare.

A ɓangaren jinya hanyoyi uku ne a gabanka. Akwai tsohuwar hanya ta shekara uku a makarantar nas ko ta ungozoma, irin waɗanda ke jikin asibitocin koyarwa da na jihohi. Da yawansu yanzu sun koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba, shekara biyu-biyu, ana shiga ta JAMB, kuma hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, na da hannu a tantance su. Sai digirin jami'a, shekara biyar, kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, a ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Akwai kuma gajeren kwas na shekara biyu, na jinya ko ungozomancin karkara, wanda aka tsara don masu komawa su yi wa ƙauyukansu aiki. Yana da saurin kai mutum ga albashi, amma lasisinsa ba daidai yake da na cikakkiyar nas ba.

Idan yarinya na da ƙwaƙwalwa, ta ci JAMB da maki mai kyau, gida kuma zai iya ɗaukar nauyin shekara biyar, ni digirin nake zaɓa mata, saboda ƙarin girma a wurin aiki da ƙaro karatu sun fi zuwa da sauƙi. Sai dai gurbi a jami'a kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ƙasa. Wadda ba ta samu ba, kwaleji ba faɗuwa ba ce. Ɗalibanta tun da wuri suke shiga ɗakin marasa lafiya, hannunsu yakan faɗa da aiki.

To ga inda nake so a tsaya a natsu. Takardar da makaranta za ta ba ki ba ita ke mayar da ke nas ba. Lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, shi ne abin da ake saya da duk wannan wahala. Hukumar ce ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade mata yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke yi wa kowane ɗalibi rajistar da ake kira indeksin, kuma wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. Makarantar da aka ba gurbin mutum ɗari ta kwashi ɗari uku, to ɗari biyun nan suna cikin haɗari, ko da ginin ya sha fenti.

Na ga wannan da idona. 'Yar wata maƙwabciyarmu ta yi shekara biyu a wata makarantar kuɗi, an ɗinka mata farin kaya, an sayi agogon maƙalawa a ƙirji da abin awon jini, uwar ta sayar da tumakinta biyu. Ranar da ta shigo gidanmu da rasitai cike da leda, cewa ta yi, "Yaya, wai har yanzu sunanmu bai je Abuja ba." Da aka bincika, makarantar ba ta cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su. Shekara biyu da kuɗin duka sun bi ruwa. Jerin nan yana shafin hukumar a intanet, duba shi bai kai minti goma ba. Bayan an duba, a nemi 'yan aji biyu na makarantar a tambaye su ko an yi musu indeksin. Su ne za su faɗi gaskiya, ba mai sayar da fom ba.

A kuma bambance nas da ma'aikacin lafiyar al'umma. Kwas ɗin CHEW da ake yi a makarantun fasahar lafiya aiki ne mai daraja, shi ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, amma hukumarsa daban, lasisinsa daban. Iyaye da yawa sai an gama suke gane ba nas 'yarsu ta karanta ba.

Malanta ta fi sauƙin lissafi. NCE shekara uku ce, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa da tsarin ilimin ƙasa ya yarda da ita. Hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE, ce ke tantance kwalejojin, kuma muna da su kusa da gida: Isa Kaita a Dutsin-Ma, Shehu Shagari a Sakkwato, Aminu Saleh a Azare, ta tarayya a Bichi, da ta Gusau wadda mata zalla take ɗauka, abin da ke kwantar wa iyaye da yawa hankali. Mai NCE zai iya shiga jami'a daga aji biyu ya ƙarasa digiri. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ma ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu. Matar aure mai goyo, ko malamin da ke koyarwa ba shi da takarda, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda tun 1976 take horar da malamai, ana karatu daga gida ana zuwa cibiya a ƙarshen mako. Mai digiri a wani fanni kuwa diflomar koyarwa ta bayan digiri, PGDE, ta ishe shi.

Nan ma akwai lasisi. Hukumar rajistar malamai, TRCN, an kafa ta a 1993, kuma tun 2017 sai an ci jarrabawarta ta kwamfuta kafin a yi wa mutum rajista. Kada a gama NCE a jefa takarda a akwati a manta da ita.

Ta fuskar kuɗi, jinya ta fi cin aljihu nesa ba kusa ba: kuɗin makaranta, kayan sawa, kayan aiki, ɗakin kwana, kuɗin indeksin da na jarrabawar hukuma. A tsarin da aka saba kuma, bayan wata shida na farko akwai jarrabawar tankaɗe da rairaya da ke mayar da wasu gida. Amma nas mai lasisi ba ta cika zaman jiran aiki ba, musamman mace a Arewa, inda mata da yawa ba sa son namiji ya karɓi haihuwarsu. Mai NCE yakan daɗe kafin jiha ta ɗauki malamai, kafin nan sai makarantun kuɗi masu ɗan albashi. Abin da ya samu a madadi shi ne tashi daga aiki da rana, hutun zango, da dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki.

Akwai abin da fom ba ya tambaya. Nas za ta kwana a asibiti, za ta yi aiki ranar Sallah, za ta wanke gyambo ta riƙe hannun mai cikawa. Idan da maganar aure a gaba, a yi zancen aikin dare tun yanzu da wanda zai aura. Malami kuma zai tsaya gaban ajin da yara suka cika har bakin allo, wasu a ƙasa, alli a hannu, murya na dushewa kafin azahar. Kafin a biya ko sisi, a kai yarinyar ta yini guda wajen wata nas ta dangi a ɗakin haihuwa, washegari ta zauna a bayan aji uku na firamaren unguwa, sannan da daddare a tambaye ta wanne za ta iya komawa gobe.