Tsakanin tsohuwar bindiga ƙirar 1911 da Beretta 92FS, wace ce makullinta abin dogaro?

Malam, cikin fistol biyun nan na hannu da aka yi maka tayi, wato ƙirar 1911 da ka ce gudumarta (ƙarfen baya da ke dukan allurar harsashi) takan faɗi da kanta idan ka buɗe makullin kariya, da Beretta 92FS mai makulli mai tauri, Beretta nake ba ka shawarar ka ɗauka. Na mallaki irin kowacce, kuma matsalolin nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba.

Berettar da ke hannuna ita ma ta hannu na saya, kuma da irin wannan taurin ta zo mini. Makullinta yana jikin murfin sama mai zamewa, kuma aikinsa uku ne a lokaci guda: idan aka danna shi ƙasa, yakan saukar da guduma lafiya, ya juyar da ƙarshen allurar da ke bugun harsashi ta yadda guduma ba za ta same ta ba, sannan ya raba kunama da sauran kayan ciki. Tawa sai na sa babban yatsa da ƙarfi kafin ya motsa, kuma idan ya sauka ba ya yin ɗan ƙaran nan na kamawa. Da na kai wa mai gyaran bindigogi mai lasisi, ya kwance ta a gabana a kan farin ƙyalle, ya nuna mini tsohon mai da ya daskare kamar ƙaro, ya haɗe da ƙura, ya riƙe ɗan sifirin da ke tura makullin. Ya wanke, ya canja sifirin, ya ɗiga mai kaɗan. Daga nan ya ce in dubi saman murfin, gaban saitin baya, ya ja kunama a hankali bindigar tana wofi, sai na ga wani ɗan ƙarfe yana ɗagowa. Wannan shi ne shingen da ke tare allura, wanda ba ya buɗewa sai an ja kunama har kusan ƙarshe. Tun daga ranar hankalina ya kwanta da ita, domin kariyarta abu ne da nake iya gani da idona duk lokacin da na duba, kuma shekaru ke nan ba ta sake ba ni damuwa ba.

Ita kuwa 1911, ƙirar John Browning ce, sojojin Amurka sun riƙe ta tun shekarar 1911 har zuwa 1985 da Beretta ta maye gurbinta da sunan M9, kuma kunamarta tana da daɗin ja, wannan ba na musu. Amma wadda na taɓa saya nadama ce kawai ta biyo baya. Alamar da ka bayyana ita ce na gani, kuma ma'anarta ita ce makullin ba ya toshe ɗan haƙorin da ke riƙe guduma yadda ya kamata, ko dai saboda cinyewa, ko kuma saboda wani ya goge shi da magagari don kunama ta yi laushi. Makullin 1911 ba a saya a ɗora kawai, sai ƙwararre ya daidaita shi da hannu ga wannan bindigar. Bugu da ƙari, yawancin tsoffin ƙirarta ba su da shingen allura, a 1983 ne kamfanin Colt ya fito da jerin da ya kira Series 80 mai ɗauke da shi.

Kafin ka ba da kuɗi, ka gwada kowacce da kanka. Ka fara cire magazin, ka ja murfin baya, ka leƙa ɗakin harsashi da ido, ka kuma taɓa da yatsa, harsasan su kasance a wani ɗaki dabam, bakin bindigar yana fuskantar inda babu kowa. A kan 1911, ka ɗana guduma, ka rufe makulli, ka riƙe ta sosai ka ja kunama da ɗan ƙarfi: bai kamata komai ya motsa ba. Ka saki kunama, ka kai bindigar kusa da kunnenka, ka ja guduma baya kaɗan. Idan ka ji wani siririn ƙara, haƙorin ya riga ya gusa, ko da guduma ba ta faɗi ba. Ka kuma buɗe makulli, ka gwada jan kunama ba tare da ka matse kariyar da ke bayan mariƙi ba: nan ma bai kamata guduma ta faɗi ba. A kan Beretta, ka tabbatar makullin yana saukar da guduma, yana rufe jan ɗigon da ke nuna shirin harbi, kuma kunama tana tafiya a sake muddin yana ƙasa. Wadda ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan, kada a sa mata harsashi sai mai gyara ya duba ta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya zama dole in faɗa. Wasu masu sayarwa sukan cika bindiga da mai ko su sake mata fenti don su ɓoye tsatsa da cinyewa, wasu kuma su yi ta yabon laushin kunama alhali sun san an taɓa kayan cikinta, har akwai masu cire shingen allura gaba ɗaya su yi shiru. Duk wanda ya hana ka yin gwajin nan a gabansa, ko ya ƙi a kai wa mai gyara kafin ciniki, ko ka ga lambar jikin bindigar ta sha bamban da ta takardu ko an kankare ta, ka bar masa kayarsa, ka nemi dillali mai rajista bisa dokar inda kake.

Ka ɗauki Beretta, ka wuce da ita wurin mai gyara kai tsaye ya wanke makullin ya duba sifirin da shingen, sannan ka je filin koyon harbi da ita.