Memorin wa'azin da na saya a Farm Centre

Ni direba ne, Kano zuwa Maiduguri nake yi, kuma rediyon motata ya daɗe da mutuwa, sai dai a sa mata memori. Makon jiya na shiga Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, wajen masu tura karatu, na ce wa yaron shagon ina son abin da malamai suka faɗa a kan masu kashe mutane da sunan addini. Ko ɗaga kai bai yi daga kwamfutarsa ba, ya ce, "Baba, akwai shi a haɗe." Kafin in gama shan ruwan leda ya miƙo mini.

Kayan da ke ciki sun fi kuɗinsu. Akwai karatun marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam inda yake warware maganar masu haramta boko da aikin gwamnati. Muryar na ɗan shaƙewa, da ji ka san daga kaset aka kwafo, amma hakan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin nan ya faɗi wannan tun kafin yawancinmu mu san me ake ciki, kuma ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2007 aka harbe shi yana limancin sallar asuba a Ɗorayi. Akwai na Sheikh Albani Zariya, shi ma an kashe shi a farkon Fabrairun 2014 tare da matarsa da ɗansa. Sai muƙabalar da Malam Isa Ali Pantami ya yi da Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram na wancan lokaci, a Bauchi a 2006. Ita doguwa ce, ta kai ni har Potiskum.

Da muka wuce Damaturu wani malami na fassara aya ta 32 a Suratul Ma'ida, cewa wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne, ya haɗa da hadisin da Annabi (SAW) ya ga gawar mace a fagen yaƙi ya hana kashe mata da yara. Motar ta yi tsit. Wata dattijuwa a baya ta ce, "Ɗan nan, ƙara murya." Ban tambaye ta dalili ba. A hanyar nan ba a tambaya.

To amma ina da ƙorafi. Sunayen karatun a hargitse suke, wasu lambobi ne kawai, har da waƙar biki guda biyu da suka ɓuya a tsakiya. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya tayar mini da hankali shi ne wani karatu da aka yanke. Malamin ya kawo hujjar 'yan ta'adda ɗaya bayan ɗaya don ya rusa su, yana cewa "to ga amsa", sai abin ya ƙare. Yaron da ya ji wannan shi kaɗai, shubuhar ya kwasa, amsar tana can a kwamfutar shago.

Da na dawo Kano na koma na nuna masa. Bai yi musu ba, ya nemo cikakken ya sake tura mini, bai karɓi ko sisi ba. Zan sake saye a wurinsa, amma yanzu sai na saurari ƙarshen kowane karatu a gida kafin in kunna wa fasinja.